Yaron da Inna Take Yi wa Girki

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, gida ɗaya da Inna amma ba ruwan wani da wani. In ta kama dole ta yi magana a kaina sai ta ce "wancan". In kuma da ni za ta yi, sai ta fuskanci bango ko akuya ta faɗi abin da za ta faɗa, ni kuwa in tsinta. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani. Ina ganin ƙannena suna hawa cinyarta ban ji komai ba, ko dai haka nake gaya wa kaina.

Abu ɗaya ne yake zuwa mini daga hannunta kai tsaye, shi ne kwanon tuwo. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa, wadda mu muke cewa guro. Takan soya gabu, wato busasshen ganyen albasa, ta sa daddawar batso, in ta sauke ta zuba man shanu a bisa. A kwanona man ya fi na kowa yawa. Ƙanwata ta sha yin ƙorafi a kan haka, Inna takan ce cokali ne ya suɓuce.

Na girma, na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, aka ajiye ni a Madawa. Da Baba ya rasu na ɗauko Inna daga ƙauye ta zauna wurina, ita take mana girki. Bayan haka na auri wata yarinya 'yar Allakaye, to a nan ne al'ada ta yi aikinta. A wurinmu in suruka ta shigo gida, uwar miji ta sauka daga girki ke nan. Girma ne, ana yi wa mace barka da shi, a ce ta huta. In aka gan ta riƙe da muciya bayan haka, unguwa za ta ɗauka cewa matar ɗanta raguwa ce ko marar tarbiyya. Inna kuwa da ƙarfinta, tana iya dakan gero ta bar 'yan mata a baya. Matata ba ta da mugun hali, ta taɓa miƙa mata ludayin miya ta ce ta ɗan gyara mata. Inna ta ja hannunta baya ta ce, "So kike a ce ɗiyar mutane ba ta iya ba?" Daga ranar ta koma gindin bedin tsakar gida, tana ɗinkin faifai tana kallon madafa ta gefen ido.

Girkin matata yana da daɗi, ba zan ci amanarta ba. Amma ita 'yar zamani ce, shinkafa da maka, wato makaroni, da tumatirin gwangwani. Ni kuwa miyar nan nake so, kuma ba bakin faɗa. In na gaya wa matata na ci fuskarta. In na gaya wa Inna, to da wane baki, mutumin da ko gaisuwa sai ya sunkuyar da kai?

Ana nan sai wani abokina ya sayar mini da wata na'urar wasa da ya dawo daga Abijan. Faɗinta bai wuce ɗan ƙaramin allo ba. Wasan da ke ciki na wani saurayi ne mai takobi da yake yawo a daji shi kaɗai, yana hawa duwatsu yana faɗa da dodanni. Ni da nake tsawata wa ɗalibai a kan waya, sai ga ni bayan la'asar a kan tabarma ina danne-danne. In an ji wa saurayin ciwo, abinci ne maganinsa. Yakan tsinci naman kaza da ganyaye, ya kama kifi, ya harbi tsuntsu, ya fasa dutse ya sami gishiri. In ya tarar da tukunya a kan murhu sai ya kunna wuta, ya rungumo abin da zai dafa, ya watsa ciki. Kayan su yi ta tsalle, a yi ɗan kiɗa, abinci ya fito, ya sa a jaka sai ranar buƙata.

Kiɗan nan ne ya jawo Inna. Wata rana na ji ta bayana, ta tsaya da faifai a hannu. Ba ta kalle ni ba, na'urar take kallo.

"Yaron ga mi yas saka cikin tukunyar?"

Na ce nama ne da naman kaza.

"Ba gishiri? A ce mai shi sa gishiri."

Na sa gishiri. Abincin da ya fito ya fi na farko kyau, har zukatan da ke nuna lafiyar yaron suka ƙaru. Na nuna mata. Ta ce, "To," ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna, kusa da ni fiye da yadda ta taɓa zama.

Daga nan ya zama mana sabo. Da na dawo daga masallaci sai in tarar ta riga ta gyara wurin. Faɗa da dodanni bai dame ta ba, in na shiga shi sai ta koma kan faifanta. Da ta ji na isa wurin tukunya sai ta ajiye allura. Ita take zaɓen abin da za a sa, ni hannu ne kawai. Kuma duk maganar da yaron take yi. "A ce ma yaron ga shi rage wuta." "A tambaye shi ko ya wanke tukunyar." Ni kuma in amsa a madadinsa, in ce ya ce ya wanke. A cikin wata guda na ji muryar Inna tana fuskantar inda nake fiye da duk abin da na ji tun ina yaro.

Ba komai na wasan ya yi mata ba. Yaron ba ya ɗaukar abu fiye da biyar a girki guda, ta ce miyar abu biyat ai miyar gwauro ce. Ba ya soya albasa tukuna, duka yake watsawa lokaci guda, ta ce yana girki awa wanda aka koro. Da na gaya mata in an sa barkono yaron ba ya jin sanyin kan dutse, ta ce wannan kam gaskiya ne, tonka maganin ɗari ce, wanda ya ƙera abin ya yi hankali. Na kuma yi mata bayanin cewa in aka haɗa abin da ke maganin sanyi da abin da ke maganin zafi a tukunya ɗaya, duka biyun sai su tashi a banza. Ta ce ba sai an gaya mata ba. Ranar da ruwan sama ya kashe wa yaron wuta ta yi ta faɗa, wai wane irin mutum ne zai kafa murhu a fili da damina.

Sau ɗaya na tsokane ta. Na sa kwaɗo da ƙahon dodo na haɗa da kifi, wani baƙin ƙazami ya fito, yaron ya yamutsa fuska. Inna ta yi salati, ta tofar da yawu gefe. Sannan ta ce, "Yaron ga dai ba shi da uwa." Na yi dariya a lokacin. Matata da ke wanke-wanke ba ta yi ba.

Da matata ta sami cikin fari ya tsufa, danginta suka aiko za ta tafi gida haihuwa, kamar yadda ake yi. Ban kawo komai a raina ba sai da na ga Inna ta fara wani shiri. Ta aika kasuwa aka sayo mata guro, ta yanka ta shanya a bisa rumfa. Ta tare wata Bafulatana mai kawo nono ta sa ta kawo mata man shanu sabon kaɗi. Ta fito da tsohuwar tukunyarta ta ƙasa daga ƙarƙashin gado ta wanke. Nan na gane. In suruka ba ta nan, ba wanda zai zagi kowa don uwa ta dafa wa ɗanta tuwo. Na riƙa jin daɗi a ɓoye har ina jin kunyar kaina, ga mace na fama da nauyin ciki ni ina tunanin miya.

Ranar da aka raka matata tasha, kafin in dawo hayaƙi ya tashi a madafa. Ƙamshin gabu ya tare ni tun daga zaure. Na wuce ɗaki ban kalli wajen ba, don kada ta ji nauyi. Ina jin ƙarar muciya, ina jin tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban san tana yi ba.

A unguwarmu maza ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane gida a fito da kwano ƙofar masallaci, a haɗa a ci tare. Na ɗauki nawa na fita, yana da nauyi, man shanu har yana kewaye tuwon. Ashe ranar motar wasu masu sayen albasa daga wajen Tabotaki ta lalace a bakin hanya, liman ya jawo su cikinmu. Mutane ne da suka wuni ba su ci komai ba. Da aka buɗe kwanona duk hannaye suka yi kansa. Mai kwano kuwa ba ya kokawa da baƙo a kan tuwon gidansa, shi ne farkon janye hannu. Na yi loma biyu. Ita ce, miyar nan ce, ba abin da ya ragu. Na haɗiye, na ja baya, na ce da ƙarfi yadda baƙi za su saki jiki, "Alhamdu lillahi, ni kam na ƙoshi."

Wani dattijo a cikinsu ya suɗe hannu ya ce rabonsa da irin wannan miya tun uwarsa tana da rai, Allah ya yi wa mai hannun albarka. Aka ce amin. Tsakanin inda muke zaune da gindin bedinmu katanga ce kawai, kuma ba doguwa ba. Na mai da kwano fes kamar an wanke. Inna ta karɓa tana kallon ƙasa. Na ce a raina ba komai, ai akwai gobe.

Washegari da hantsi ƙanwata ta sauka daga Galma da kayanta a ka da goyo a baya. Labari ya kai mata cewa matata ta tafi. Ko ruwa ba ta sha ba ta shiga madafa tana faɗa. "Inna ta yi girki muna raye? Mi mutane za su ce muna?" Ta sauke tukunyar ƙasa ta kife a gefe, ta ɗora ta ƙarfe. Don ƙauna ta yi, na sani, kuma kowa ya yaba mata. Amma ranar da na sami dama da na mai da ita tasha da kaina. Ina tsaye a bakin ƙofa da magana a bakina, 'yar gajeriya, in ce a bar Inna ta ƙara mana ko na yau. Maganar ba ta fito ba. Ƙanwata ta zauna har matata ta dawo da jariri, Inna kuma ba ta sake ɗora tukunya ba har Allah ya karɓi abinsa. Wannan abin yana ci mini rai har yanzu, kuma ba wanda zan kama da laifi in huce.

La'asar ɗin ranar da ƙanwata ta zo, na fito da na'ura ba don ina so ba. Inna ta jawo kujerarta. Na kai yaron wurin tukunya, ta zaɓa masa nama da ganye da gishiri da man shanu, ta ce a cika na biyar da man kuma. Aka yi kiɗa, abinci ya fito. Na kai yatsa zan wuce kamar kullum.

"Kar a sa jikka," in ji ta. "A ce mai shi zamna shi ci nan."

Na ce ai lafiyarsa ƙalau, ba a ji masa ciwo ba, ɓarna ce.

"Shi ci dai."

Na danna. Yaron ya ɗaga kwano, ya cinye tas, ya shafa ciki. Inna ta matso da fuskarta har tana taɓa kafaɗata, ta kalle shi har ya gama.

"To," ta ce. "Wanga kam ya ƙoshi da gaskiya."

Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki.