Hutun Bali da Ba Mu Je Ba

Wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira ɗan Indunusiya ne, daga wani ƙauyen Musulmi a tsibirin Bali. Ɗan firit ne, ga dariya kamar ba shi da damuwa a duniya. Ni kuwa fuskata kullum a murtuke take, har abokai na mamakin yadda muka shaƙu. Farkon shekarun tamanin ne, dukanmu muna karatun Shari'a.

Tun da ya zo Masar bai leƙa gida ba. Sai ya ƙudura cewa dogon hutu mai zuwa zai je ya ga mahaifiyarsa, kuma ƙafarsa ƙafata. Na ce ni Bakatsine da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba, me zai kai ni tsakiyar teku?

"Khalas, ya akhi, an gama magana," in ji shi. "Za ka sha ruwan kwakwa, ka miƙe a kan rairayi, wataƙila ma ka koyi murmushi."

Daga nan aka fara darasi, a wajen girki, a layin burodi, a cikin bas muna matse kamar kifin gwangwani. Ya koya mini yaren ƙasarsu na shiga kasuwa: berapa, nawa ne, mahal, ya yi tsada, terima kasih, na gode. In na faɗa sai ya riƙe ciki don dariya, wai kamar ina faɗa da mai kanti. Yaren tsibirinsu kuwa daban yake. Ya ce a ƙauyensu ba a gaida tsohuwa da yaren makaranta, da na gida ake durƙusa mata. Ya ba ni kaɗan: gaisuwa, godiya, yeh wato ruwa, meme wato inna.

"Wannan ya ishe ka," ya ce. "Sauran ni ne tafintanka."

Dab da jarrabawa taifot ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti. Da jiki ya yi tsanani Larabci ya gudu daga bakinsa, na Indunusiya ma ya bi baya, ya rage sai yaren gida. 'Yan ƙasarsu sun cika ɗakin, amma duk mutanen wasu tsibirai ne, ba mai jin abin da yake faɗa. Sai ga shi ni ne na zama tafinta. In ya ce yeh, in ɗiga masa ruwa.

Ranar ƙarshe da hantsi ya damƙe hannuna, ya kira meme, ya faɗi wata magana, yana ta maimaitawa. Kowa ya zuba mini ido, ni kuwa ban gane komai ba. Sai na yi abin da aka hore mu da shi tun makarantar allo, na kasa kunne na haddace ta yadda ta fito, ba tare da sanin ma'ana ba. Kafin la'asar ya cika. A Alƙahira muka binne shi.

Maganar nan ta hana ni sakat. Na ɗauka wasiyya ce ya bar wa mahaifiyarsa, kuma in ta ɓace a bakina ta ɓace ke nan. Kullum bayan salla sai na yi bitarta kamar tilawa. Duk sabon ɗalibin da ya zo daga ƙasarsu sai na tare shi, ya saurara, ya ce mini ma'alish, in yi haƙuri, bai gane ba.

An fi shekara kafin na ji labarin wani ɗan tsibirin ya sauka a unguwar Ainu Shams. Na je na same shi yana shanya, na karanto masa. Ya ajiye rigar da ke hannunsa, ya ce in sake. Na sake.

"Ustaz, ba wasiyya ba ce," ya ce, kansa a ƙasa. "Cewa yake, inna, buɗe ƙofa, mun iso. Ki ƙara shinkafa, na zo da baƙo."

Ranar da aka binne shi ban yi kuka ba. A nan na yi, zaune a bakin ƙofar mutumin da ban sani ba.