Kwalbar Man Kifin Jauro Buba

Assalamu alaikum. Shekaru da yawa 'yan Ƙaraye na tambayata yadda na tashi daga ciwon daji, ina ce musu ikon Allah ne kawai. Ikon Allah ne kuwa. Amma akwai wani mutum a cikin labarin, kuma na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Lokacin mulkin soja ne, ina noman gyaɗa a Tudun Kaya. Abin ya fara da ƙwannafi. Sai tuwo ya daina wucewa, loma kaɗan in ji kamar na cinye akushi. Na sha kanwa, na sha sassaƙe. Da bayan gida ya koma baƙi, mai ɗakina Ladi ta ce ba za ta ƙara dafa mini wani itace ba, mu tafi birni.

A asibiti aka ba ni wani farin ruwa mai kauri na sha, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ce daji ne a tumbi. Aka yanke mini wani sashe, sannan aka ce saura ƙarin ruwa mai magani, zuwa bayan zuwa.

Shanun huɗata suka tafi kasuwar Rogo, ba su dawo ba. Tumakin Ladi suka bi su.

Ruwan nan yana sa amai, yana kashe baki. Gemuna ya zube, na koma kamar ɗan samari mai mugun tsufa. Kuma kafin kowane ƙari sai an ɗora ka a sikeli. In ka rame da yawa, ba za a sa maka ba. Ni da na ƙare rayuwata ina ɗora buhun gyaɗa a sikeli ina addu'ar ya yi nauyi, ga ni a kai, addu'ar ba ta canja ba.

Sai likita ya rubuta mana man kifi, mu masu ciwon, kafso mai launin ruwan zuma. Ya ce ba maganin daji ba ne, kada mu ruɗi kanmu, yana dai fatan ya taimaka wa nama ya tsaya a jikin ƙashi.

Gadon da ke kusa da nawa na Jauro Buba ne, Bafulatani daga Rogo Ruma, ciwonmu ɗaya. Kullum ƙanensa na kawo masa nono a gora, shi ne kaɗai abin da cikinsa ke karɓa. In na yi gyatsa, ƙarnin kifi ya tashi, sai ya toshe hanci ya ce a kira nas, Kaɗo ya ruɓe tun bai mutu ba. Ni kuma in ce masa ɗan Fillo, ramarka ta gado ce, sikeli ma ya san ku.

Awona ya tsaya. Nasa ya yi ta sauka.

Da aka ɗaga masa ƙarin ruwa, aka sake ɗagawa, danginsa suka ce dama daji ba ya son allura, su tafi gida. Ranar da suka zo ɗaukarsa, bayan la'asar, ya ciro kwalbar man kifinsa daga aljihun taguwarsa ya danƙa mini. Cike take.

Na ce, "Jauro, ba ka sha ba?"

Ya ce, "Kaɗo, kifi da nono ba sa zama ciki ɗaya, kuturta suke kawowa. Na zaɓi na gidanmu. Kai ka shanye, kada a yi asara."

Ya yi dariya, aka tallafe shi aka fita.

Da nas ta shigo na faɗa mata. Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta ce babu abin da zai same shi da ya haɗa, don me bai tambaya ba. Ta leƙa waje, motarsu ta riga ta tashi.

Kafin a cire gyaɗa aka yi mini ta'aziyyarsa.

Na tambayi likita ko da ya sha zai rayu. Ya ce shi bai sani ba, dajin Buba ya riga nawa nisa. Na yarda da shi. Amma har yau in na wuce layin masu busasshen kifi, ƙarnin ya bugi hancina, sai in ji ana cewa a kira nas.

Na gama ƙarin ruwa. Gemu ya dawo, fari. Ina cin abinci kaɗan-kaɗan kamar kaza, har yau.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Ladi da Aljanna, ya saka wa likitan nan da bai yi mini ƙarya ba.

Shawarata: ƙwannafin da ya ƙi tafiya, da rama ba dalili, a je asibiti da wuri. Kada ka sayi man kifi da kanka kana kan magani, ka tambayi likitanka, don ba kowa ake ba shi ba. Kuma in akwai abin da aka ba ka ba ka sha, ko don wata magana ta kakanni ce, ka faɗa da bakinka. Kunyar ba ta kai kabari zafi ba.

Kwalbar tana cikin akwatina. Ya ce in shanye, na kasa buɗe ta. In kun yi salla, ku sa Buba a addu'a.