Keken Gwaggo Tela

Gwaggo Tela, Allah ya kyautata ƙarshenta, ita kaɗai ce mai ɗinkin mata a ƙauyenmu tun muna da sauran baƙin gashi. Mijinta ya rasu ya bar mata marayu da keken ɗinki mai ƙafa, wanda ta kafa a bakin taga saboda haske. Da shi ta ci halal, da shi ta aurar da 'ya'yanta. Fargabarta guda ce a duniya, kada tsufa ya kai ta cin abincin suruki.

Wata shekara sai ga wata ƙungiya ta zo da niyyar alheri, za ta koya wa matan karkara sana'a. Suka nemi malama, aka nuna musu Gwaggo. Ta amsa da farin ciki, domin ta yi imani ɓoye ilimi zunubi ne. Ta koyar tsakani da Allah, tun daga riƙon almakashi har sa hannun riga, wanda shi ne wuyar aikin. Ranar yaye aka ba kowace ɗaliba sabon keke, aka ɗauki hoto, baƙi suka shiga mota.

Ba wanda ya lura cewa ɗaliban nan su ne masu kawo mata ɗinki. Kowane gida ya sami telansa, bakin tagar Gwaggo ya yi tsit.

Ƙanwar mijinta ta leƙo wata rana tana dariya. "Yaya, kin haifi teloli cike da gari, saura ki haifo masu sa kayan."

"Ke dai kawo zanen nan in gyara miki bakinsa, ya karkace."

"Jikata ce ta yi. Karkatacce ne, amma kyauta ne."

Su ma ɗaliban ba su tsira da komai ba. Da suka kai ɗinkinsu kasuwar birni, suka tarar da gwanjo tuli, rigarsa ba ta kai kuɗin yadi ba.

Da abin ya yi tsanani, Gwaggo ta kira mai gyaran keke ya nema mata mai saye. Ya juya ƙafar, ya saurari ƙarar, ya ce, "Gwaggo, lafiyarsa lau, ya fi ni ma. Amma duk ɗakin da na shiga akwai sabo an lulluɓe da zani. Sai dai mai sayen ƙarafa, shi kuwa awo yake yi."

Ba ta sayar ba. Bayan damina surukinta ya aiko aka kwashe ta da keken. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mata gori ba. Ɗakin da ya ba ta dai ba shi da taga.

Da na je gaishe ta, ta ce, "Malam, ladan koyarwar nan yana nan dai ko?"

Na ce yana nan, in Allah ya so.

Ta ce, "To." Sai 'yarta ta ɗaga murya daga tsakar gida, wai Inna ta dakata da batun abinci, maigida bai ci ba tukuna.