Baƙin Zanen Inna

Jiya aiki ya kai ni lakwal ɗin Tebaram, wato makarantar garin, sai na ga baƙin zanen Inna rataye a tagar ajin Fatimata, wadda muka yi horon malanta tare. Raina ya sosu.

Inna muke ce wa marigayiyar da ta horar da mu a Tawa kan koyar da yara ta hanyar tatsuniyoyin ƙabilu. Takan ce ba a tatsuniya da rana, sai ta rufe taga da zanen nan mai ƙamshin turaren wuta, aji ya yi duhu.

Ranar gwaji na kawo tatsuniyar kura, kowa ya sha dariya. Fatimata ta kawo tasu ta Tamashek, tana lalube da Hausarta mai tsami. Ita Inna ta miƙa wa zanen.

Na ce, "Inna, ni fa?"

Ta ce, "Ɗiyata, ke muryarki muka ji. Ita kuwa kakarta muka ji."

Allah ya haskaka kabarinki, Inna. Ni kuma ya yaye mini ƙyashi, don har gobe gani nake zanen nawa ne.