Askin Talata na Baba Azariya

Shekara talatin Baba Azariya ya yi yana aski kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, kuma aski iri ɗaya tak ya iya. Ko hoton wa ka nuna masa zai ce ya gane, sannan ya yi maka ƙwal-kwabo. Ga surutu. Kafin ya gama kai ɗaya, ka ji tarihin unguwa kaf.

Da ciwon daji ya kwantar da matarsa Roseline, likitoci suka ce a koma da ita gida. Wata nas mai suna Faustina, daga ƙungiyar masu kula da marasa lafiyar da magani ya daina yi musu aiki, ita ta riƙa zuwa. Tana kawo maganin rage zafi, ta koya masa yadda zai juya Roseline kada bayanta ya yi gyambo. Bayan an binne ta, Azariya ya je ya sami Faustina.

"Sista, ki sa ni cikin aikin nan."

"Baba, me ka iya?"

"Aski."

Ta dubi kan direbansu, wanda Azariya ne ya aske shi, ta yi ajiyar zuciya. "To, zo ran Talata."

Tun daga nan kowace Talata yana biye da ita da jakarsa. Wata rana suka je gidan Malam Zubair, tsohon ɗan kasuwar citta. Matarsa Hajiya Kubra ta tarye su a zaure ta ce kwana tara ke nan ya juya wa bango fuska, bai ce wa kowa uffan ba.

Faustina ta ba Malam Zubair magani, aka jingina shi da matashi. Azariya ya yafa masa ƙyalle, ya kama aski, bakinsa ma ya kama aiki. Ya bi ta kan ruwan bana, ya gangaro kan gonar ƙanensa, har ya ce ai citta wata huɗu take yi a ƙasa a tone ta.

"Ƙarya kake yi," in ji Malam Zubair.

Hajiya Kubra ta dafe ƙirji.

"Wata huɗu? Kai ka taɓa riƙe fartanya kuwa?"

Malam Zubair ya yi wa Azariya karatun citta har muryarsa ta dushe. Sannan ya nemi madubi, ya duba, ya ce tun da yake ba a taɓa ɓata masa kai haka ba. Ya ce ya dawo mako mai zuwa ya gyara.

Da suka fito, Faustina ta tambayi Azariya ko da gangan ya yi. Azariya ya ce shi dai har yanzu yana ganin wata huɗu ne.

Ranar da yamma Malam Zubair ya kira matarsa da 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya, ya nemi gafara. Talata uku suka ƙara yi suna musu da Azariya. Kafin ta huɗu Allah ya yi masa rasuwa.

Azariya ya rufe shago, ya zauna a tabarmar ta'aziyya kwana uku. Ranar ƙarshe Hajiya Kubra ta aiko masa da hular marigayin, ta ce shi ya ce a ba shi. Hular ta yi masa yawa, har kunne take sauka. Haka yake zuwa da ita coci ran Lahadi, sai ya zo bakin ƙofa ya cire ya riƙe a hannu.