Chuwang Mai Birki

Kafin a san Chuwang da gyaran birki a unguwar Rikkos, direban akori-kura ne, yana kwaso dankalin Turawa daga ƙauyuka zuwa Jos. Ya iya tuƙi, amma abin da ke ƙarƙashin mota bai dame shi ba. In ta fara kuka, sai ya ƙara muryar rediyo.

Wata safiya da damina, a wani gangare kusa da Kuru, ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Ashe tiyon man birki ya fashe, man ya tsiyaye. Ya sauke giya, ya ja birkin hannu, motar ta rage gudu amma ta ƙi tsayawa, sai da ta keta shinge ta zauna daram a gonar kabeji.

Mai gonar, wata budurwa Naomi, ta zo ta leƙa ta taga.

"Ka ji ciwo, direba?"

"A'a, 'yar'uwa."

"Mun gode wa Allah. Sauko ka ɗauki fartanya."

Haka ya yi ta zuwa yana dasa abin da ya tattake. Aka gama dashe bai daina zuwa ba, har iyayenta suka gane inda ya dosa. Bayan Kirsimeti aka yi bikinsu.

Tsoron ranar nan kuwa bai bar shi ba. Ya liƙe wa Anayo, mai sayar da kayan mota, da tambaya. Anayo ya nuna masa yadda takalmin birki ke damƙe faifai har taya ta tsaya, da yadda kuloci ke raba inji da giya. Ya kwantar da shi ƙarƙashin mota ya ga farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji tayoyin baya. Daga nan Chuwang ya shiga koyon makanikanci, ya bar tuƙi.

Yanzu a garejinsa, duk takalmin birkin da ya cire sai ya sa wa mai mota a hannu, ya taɓa ya ji yadda ya siɗe. Alhaji Ibrahima, wani dillalin shanu da ke kawo masa mota, da farko ya yi ta mita cewa yana sauri, daga baya suka zama aminai.

Bara Alhaji ya gayyace su auren 'yarsa Zakiyya. Ana shirin kai amarya aka nemi Chuwang aka rasa. Naomi ce ta hango takalmansa sun leƙo daga ƙarƙashin motar amarya, ga sabuwar babbar rigarsa a ƙasa.

"Baban yara, fito, mutane na kallo."

"Ina zuwa, dubawa kawai nake."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ƙyale shi, Madam. Amarya ta jira."

Da Chuwang ya fito ya ce birki lafiya lau, aka tashi motoci.