Na Bar Akuyar Taubashiyata Cikin Naƙuda

Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai jini a jika, a cikin birnin Tambuwal, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, tun ana rufe ƙofar ganuwa saboda mahara. Kakata ta wajen uwa ce ta riƙe ni tun daga yaye, kuma ita ake kira a unguwarmu idan haihuwa ta gagari akuya ko tunkiya. A gindinta na koya. Ni ke riƙe mata ƙoƙon man kaɗe, ni ke dama mata yauƙin kuka, har ranar da hannunta ya fara rawa, idonta ya dushe, ta ce in sa nawa. Allah Ya yi ni da siririn hannu, ga shi ba ni da ƙyama. Kafin a kai ni ɗaki sunana ya zaga unguwa, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Ina da baki, ina da riƙo, wanda ya taka ni sau ɗaya ba na mantawa.

Kaka tana da wata jar akuya, irin jajayen nan namu da majema ke rububin fatarsu. Ba ta haihuwa sai tagwaye, ga nono kamar me. A hannuna anka haife ta, ni na raine ta da harawa da dusa da kanwa. Ko da na yi aure, darni ɗaya ne tsakanin gidan mijina da na Kaka, kullum safiya sai na zaga na duba ta. Kaka ba ta taɓa cewa ta ba ni ita ba, amma ni a raina an gama magana. To, wa ya fi ni cancanta?

Ana nan sai ga taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda anka aurar can ƙasar Kebbe. Mahara sun faɗa wa ƙauyensu, sun kashe mijinta a gona, sun kore dabbobi. Bayan takaba ta dawo gidan Kaka da jariri namiji a baya. Firgita da baƙin ciki sun ƙafar mata da nono. An yi jiƙe-jiƙe, an sha kunun kanwa, duk a banza, yaro sai ramewa yake kan ruwan koko. Dangin ubansa sun so su riƙe shi tun can, don ƙanwar mamacin tana goyo a garin Fakku, tana iya haɗa su ta shayar. Da kuka da roƙo sunka bar mata shi, bisa sharaɗin in sunka zo dubiya sunka tarar bai murmure ba za su tafi da abinsu. Kun dai san ɗa na dangin uba ne, in kuwa ya sha nonon gidansu ba ya dawowa. Ga shi bazara ce, Fulani sun yi nisa da shanunsu, awakin unguwa duk sun ƙafe. Akuyar Kaka kaɗai ke da tsohon ciki.

Sai Kaka ta tara mu ta ce ta ba taubashiyata akuyar nan halak malak, ita da abin da ke cikinta, in ta haihu a riƙa tatsa wa maraya. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla, amma wallahi ji na yi kamar an watsa mini barkono a ƙirji. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ni da sharar kashin awaki tun ban san ɗaura zane ba, ita da ko igiya ba ta iya ɗaurewa a turke ba. Na ce a raina ai dama, ita ɗiyar namiji ce, ni ɗiyar mace, komai wahalata bare ce ni a gidan nan. Ban tsaya na dubi yaron ba. Akuya kawai nake gani, da yadda mata ke shigowa suna tausaya mata, ni ko sannu babu mai ce mini.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne wasan taubasai. A al'adarmu ɗiyar namiji uwargijiya ce, ɗiyar mace baiwa, kuma duk abin da anka faɗa a wasan nan ba a fushi da shi. Tun muna yara muke yi. Bayan rasuwar mijinta wasan nan kaɗai ke sa ta murmushi, har Kaka na jin daɗi. Kullum na shigo sai ta ce ga baiwarta ta iso, in je in ba akuyar uwargijiyata dusa. Ni kuma in rama, in ce ina amfanin uwargijiyar da ba ta san gaban akuya da bayanta ba. Sai mu yi dariya. Ita da zuciya ɗaya take yi, ni kuwa kowace kalma ajiye ta nake.

Da ciki ya isa, ni na fara ganin alamu: hantsa ta cika tana ƙyalli, gindin wutsiya ya faɗa, ta ware gefe tana tonon ƙasa da ƙafa. Wata rana da hantsi ina kaɗi a tsakar gida, taubashiyata ta leƙo ta kan darni tana dariya, ta ce baiwa ta ajiye mazari ta zo ta yi aikinta, ruwa ya fashe tun da sassafe amma shiru. Na je na tarar da akuyar tana kwanciya tana tashi, ba wani yunƙuri mai ƙarfi, sai ɗan nishi. Na shafa man kaɗe na sa hannu. Ɗan akuya in ya zo daidai, hancinsa ake fara taɓawa, kwance kan kofatai biyu. Ni wutsiya na taɓa, ba ƙafa ko ɗaya. Ya juyo da baya ke nan, ƙafafu naɗe a ƙarƙashinsa, ya toshe hanya. Irin wannan shi ya fi yaudara, don uwar ba ta yin naƙudar da za ta tada hankalin mai kallo, wanda bai sani ba sai ya ce lokaci ne bai yi ba. Gyaransa kuwa a daidai wannan lokacin bai fi a tauna goro ba: a tura shi ciki, a lalubo ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, a rufe kofaton da tafin hannu kada ya yage uwar, a jawo a hankali. Na sha yi.

Ina durƙushe, hannuna a ciki, sai ta dafa kafaɗata ta ce baiwa ta yi sauri, in ta yi aikin kirki akwai ladan ƙanzo. Maƙwabtan da ke tsaye sunka kwashe da dariya. Nan Shaiɗan ya same ni. Na zare hannu na goge da ƙasa, na yi dariya ni ma, na ce akuyar nan ragwancin uwargijiyarta ta ɗauko, lokaci bai yi ba, a ƙyale ta ta sha iska. Kaka daga bakin ɗaki ta tambaye ni me na taɓa. Na ce mata ban taɓa komai ba tukuna. Allah shaida ban yi niyyar kashe akuya ba. So nake ta sake zuwa ba da dariya ba, ta kira ni da sunana, ta roƙe ni a gaban matan nan, kowa ya san wa ke da amfani a gidan Kaka. Na ƙudurta cewa kafin azahar za ta zo.

Ba ta zo ba. Ta yarda da maganata, tunda ni ce masaniya. Ina jiyo ta ta darni tana rarrashin yaron, tana ce masa ya yi haƙuri, gobe war haka ya ƙoshi da madara. Azahar ta wuce. Na miƙe zan je, girman kai ya zaunar da ni, don in na koma ba a kira ni ba me zan ce ya kawo ni? Zaren da na kaɗa ranar duk tsinkewa ya yi ta yi. Sai bayan la'asar na ji salatinta. Ta shigo a guje ko kallabi babu, ta kira sunana, ta kama ƙafata. Abin da nake jira tun safe na samu, ban ji daɗinsa ko na ƙwayar gero ba.

Na tarar da akuyar kwance, wuya a miƙe, ido ya juye. Hanya ta bushe, ɗan ya mutu ya kumbura. Na zuba yauƙin kuka, na yi ta fama har gumi ya jiƙa mini zane, da ƙyar na ciro shi, na ciro ɗan'uwansa a bayansa, shi ma babu rai. Jini kuwa ya ƙi tsayawa, ta yage daga ciki. Kaka ta ce a kira namiji da wuƙa kada ta zama mushe. Kafin a kwashe matattun ta ce a miƙo mata na farin. Ta shafa shi da hannunta mai rawa tun daga wutsiya har kai, sannan ta juyo da fuskarta inda nake, ta daɗe a haka. Ta gane da baya ya zo, ta gane na sani tun da hantsi, ba ta kuwa tona ni ba. Amma daga nan in anka zo neman mai karɓar haihuwar dabba, ba ta ƙara cewa a kira ni ba.

Taubashiyata kuwa tana kuka tana yi mini sannu. Da anka feɗe akuyar ta ɗauko cinya da hanta ta kawo mini har ɗaki, ta ce na yi iyakar ƙoƙarina, ƙaddara ce. Washegari na ɗauki ƙwarya na shiga neman madara gida gida, na taka har garin Jabo, ban samo abin kirki ba. Ba a jima ba baffannin yaron sunka iso. Sunka ɗaga shi sunka ga haƙarƙari a waje. Ba su yi faɗa ba, cewa kawai sunka yi alkawari ya cika. Ni na riƙe ta a bakin zaure lokacin da anka goya shi a bayan wata tsohuwa anka kama hanyar Kebbe.

Yaron ya rayu, ya girma a Fakku yana kiran gwaggonsa inna. Taubashiyata ta sake aure, Allah bai ƙara ba ta haihuwa ba. Ranar aurensa tare munka tafi. Ya fito ya durƙusa ya gaishe mu gaisuwa iri ɗaya, ni da ita, kamar kowaɗanne baƙi daga Tambuwal, ya tashi ya koma wajen innarsa.

Yanzu na tsufa, na ce a rubuta mini wannan don 'yan baya. Duk wadda Allah Ya ba sanin wani abu, amana ce a hannunta, kada ta mai da shi bulalar dukan wadda take ƙyashi. Hassada in ta shiga ba ta tsayawa kan wanda anka nufa, tawa kan jaririn da bai san komai ba ta sauka. Ku kiyayi ɓoye ƙiyayya cikin wasa, in magana ta yi muku zafi ku faɗa tun ana dariya. In kuma kun yi kuskure ku koma tun da hantsi, ko ba a kira ku ba, kuma ku nemi gafara tun mai yafewa na da rai. Taubashiyata a kan cinyata ta cika. Maganarta ta ƙarshe roƙona ta yi in yafe mata, ko da wasan da take yi mini ya taɓa ɓata mini rai. Na ce na yafe. Ni kuwa na kasa buɗe baki in nemi tata gafarar, har na rufe mata ido.